Zangon Da Ya Kwanar Da Amarya A Hanya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka aike ni ɗauko amaryar Nasiru ba, kuma ko na so in manta, matan gidansu ba za su bar ni ba. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙo min, amma har yau in na ji mota ta ƙi tashi sai ranar ta faɗo min a rai.

Lokacin ba a daɗe da yanke mana Jigawa daga Kano ba. Ina da ɗan shagon kaset a bakin tasha a Birnin Kudu, kuma da yake na ɗan zauna a Kano wajen kawuna, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ba a kawo zancen wani abin zamani in yi shiru. Ko ban san shi ba sai na ce, "Ai wannan tun a Kano muka gama da shi." (Allah ya yafe mana ƙuruciya.) Nasiru kuwa abokina ne tun muna firamare, tela ne, mutum mai sanyin hali. Da kuɗinsa ya yanko farar shadda ya ɗinka min kaftani na biki, ya zauna ya yi masa aiki a wuya da hannunsa. Ya ce ni zan jagoranci ɗauko amarya, tunda ni ne mai baki.

Rabi, amaryar, 'yar wani ƙauye ce ta wajen Maruta. Sai ka wuce Gwaram, ka saki kwalta, ka bi burji, sannan ka tsallaka wani rafi da ba shi da gada. Damina ce ta yi tsaka, irin lokacin da kusan kullum sai hadari ya haɗo da yamma. Da muka zo rafin da hantsi, ruwan ko idon sawu bai rufe ba. Amma Malam Idi, dattijon direban da muka yi shatar bas ɗinsa, ya rage gudu ya nuna min shi da haɓa.

"Ka ga rafin nan? Kada ka raina shi. In aka yi ruwa a sama, kafin ka ce kwabo ya cika ya batse. La'asar ta yi mana a ɗaya tsallaken, ka ji ko?"

Na ce, "Malam Idi, ka bar min komai."

Mun isa, an kawo mana fura da tuwo, sannan Gwaggo Asabe ta leƙo zaure. Ita ce ƙanwar baban amarya, kuma ita ce mai faɗa a ji a bikin. Ta ce amarya ko wanka ba ta yi ba, mu yi haƙuri mu jira. Malam Idi da sauran abokan ango biyu suka ce za su masallaci, in sun yi azahar su ɗan miƙe a can. Ni na riga na yi tawa a zaure, don haka Malam Idi ya ba ni makulli in kula da mota. Har ya tafi ya juyo.

"Don Allah kada ka kunna min rediyo mota tana tsaye. Na san ku masu kaset. Batirin nan lallaɓa shi nake yi."

Ana nan sai ga Garba, wan amarya, wanda ke fatauci tsakanin Kano da Gwaram. Ya ga na zauna ni kaɗai ina korar ƙuda, ya ja ni ɗakinsa da ke gefen zaure. Ina shiga idona ya faɗa kan wata 'yar talabijin baƙi da fari, a gabanta ga akwatin gem, wato wasan talabijin, an rufe shi da ɗankwali kamar kwanon baƙo. Na ce, "A'a! Har nan ƙauyen?" Ya ce ya sayo shi a Kano, wani mai gyaran rediyo ya haɗa masa wayoyi yadda duka biyun za su ci da batirin mota. Sai dai nasa batirin an kai shi caji Gwaram tun jiya, ba a dawo da shi ba.

Ga wanda bai taɓa ganin irin wasan ba, bari in faɗa masa. Wani ɗan mutum ne gajere yake ta gudu yana nufar dama, kai kana riƙe da abin dannawa kana sa shi tsalle. Ya tsallake rami, ya taka ƙwari, ya hau katako. In ya faɗa rami ya mutu, sai a mayar da kai farkon matakin, duk wahalar da ka sha ta tashi a banza. Amma a tsakiyar kowane mataki akwai wata ƙaramar sanda a kafe mai ƙwallo a kai. In ka taɓa ta sai ƙwallon ya yi haske, daga nan ko ka mutu a wajenta za ka farfaɗo. Su Garba zango suke ce mata. Sai dai alkawarin zango na nan ne muddin akwai wuta. Aka kashe akwatin, shi ke nan, ya manta da kai, gobe daga matakin farko za ka faro.

Garba ya ce akwai wani mataki can gaba, mai duwatsu da katako mai yawo a sama, da ya hana shi barci. Tun da ya sayo abin bai taɓa taɓa zangonsa ba. Yana hango sandar, amma kullum a ramin da ke gabanta yake ƙarewa.

Kun san me na ce. "Wannan? Ai tun a Kano muka gama da shi."

Wallahi ban taɓa ganin matakin ba. Iyakacina kallon yara suna bugawa a wani shago, sai in an tausaya min a miƙo min in ɗan taɓa. Garba ya ce kaico, da akwai batir da yau ya ga ikon Allah. A nan ya kamata in yi shiru, ƙaryata ta wuce lafiya, ba mai tona ni. Amma bakin nan nawa! Na ji kaina ina cewa, "Batir? Ga batir can a mota yana zaman banza."

Garba ya ce, "Anya?" Na ce minti nawa ne, da na taɓa zangon za mu mayar, direba ma ba zai sani ba. Ya ɗauko sifana, muka ɗaga kujerar gaba, muka kwance shi.

Da farko abin ya zo min da sauƙi, har na fara yarda da ƙaryata. Na wuce matakin farko, na wuce na biyu, Garba na ta "Kai! Kai! Gwani!" A nan na gane sharrin zango, ko da yake ganewar ba ta amfane ni da komai ba. In ba ka kai shi ba, ba za ka iya tashi ba, don za ka ce saura kaɗan. In ka kai shi kuma, nan ma ba za ka tashi ba, don yanzu ka samu wurin tsayawa, asara ce ka bar shi. Sau nawa na ce wa Garba, "Daga wannan sai mu cire." Shi ma ya ce, "E, daga wannan." Babu wanda ya motsa a cikinmu.

Da muka kai matakin duwatsun ban san inda rana take ba. Na mutu, na sake mutuwa. Sai ka yi doguwar tafiya, ka tsallake wannan ka kauce wa wancan, hannunka na gumi, sannan ka iso bakin babban ramin. Katakon na zuwa yana komawa, ga sandar can a tsallake tana kallonka. In yi tsalle da wuri in faɗa, in jinkirta in faɗa. Kowane faɗuwa a mayar da ni farko. Garba ya daina kirana gwani, ya koma cewa, "To, a Kanon yaya kuke yi?"

Sai na lura hoton ya fara tsukewa. Baƙi na cinye shi ta sama da ƙasa, ɗan mutumin na ƙara gajarta. Na gani da idona, kuma na san abin da yake nufi, mai sayar da kaset ba ya rasa sanin alamar batir ya yi sanyi. Na kuma ji iska ta fara kaɗa labulen ƙofa, mai sanyi, mai ƙamshin ƙasa. Daga cikin gida aka rangaɗa guɗa. Garba ya miƙe zumbur ya ce, "Za a fito da ita! Cire, cire!" Na ce, "Tsaya mana, ga ni a bakin ramin!" Katakon ya matso, na danna, ɗan mutumin ya tashi sama, ya taka katakon, ya sake tashi ya nufi sandar. Yana cikin iska talabijin ta yi ɗif.

Na rungumi batirin a ƙirji na bi ta bayan danga da gudu, ina jin ruwan cikinsa na kaɗawa. Na ɗaura wayoyin, na sauke kujera, na goge hannu da ciyawa. Ina rufe ƙofa su Malam Idi na ɓullowa, yana ta duban gabas, inda sama ta yi baƙi ƙirin. Ya ce, "Maza, maza, a shigo!"

Aka fito da Rabi a lulluɓe tana kuka, baban ya gama yi mata nasiha, uwar ta shige ɗaki don kada ta ga tafiyarta. Mata suka cika bas, ga kwanukan gara, ga ƙullin kaya. Gwaggo Asabe ta zauna kusa da amarya ta rungume ta. Malam Idi ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Motar ta ce ƙyat, ƙyat, ta yi shiru. Ya sake murɗawa, wannan karon ko ƙyat ɗin ba ta ce ba.

Ya juyo ya dube ni. "Ka kunna rediyo?"

Na ce, "Wallahi ban kunna rediyo ba." (Ku shaida, ban yi rantsuwar ƙarya ba. Abin da na yi ya fi haka muni.) Na waiga neman Garba, ashe tuni ya sulale.

Wata mata ta ce to a mayar da amarya ciki mana har a gyara. Gwaggo Asabe ta daka mata tsawa. "A mayar da ita ina? Amaryar da ta yi sallama da gidan ubanta ta tsallake dokin ƙofa? A gidanmu ba a yi, kuma ba a kan Rabi za a fara ba. Ko ƙafarta ba za ta taɓa ƙasar garin nan ba yau." Rabi ta ƙara sautin kuka. Aka yi wata tsawa daga sama, har gilashin motar ya amsa.

Malam Idi ya ce sai turi. To unguwar yashi ce, taya na nutsewa, kuma tsofaffin suka ce ba za su sauka su bar amarya ita kaɗai ba. Muka jeru a baya, mu abokan ango da samarin gari. Mu tura, ya saki kuloci, motar ta yi tari ta tsaya. Mu sake. Ya ce sai mun kai ta fako, can bayan gari wajen wata tsamiya. Ni na fi kowa zage ƙarfi, ina ta "Ku tura, jama'a! Ku ji tsoron Allah ku tura!" don kada a ga alamar rashin gaskiya a fuskata. Gumi ya jiƙa ni sharkaf, yayyafi ya fara sauka.

Na dafa ƙirjina a jikin motar na yunƙura, sai na ji wani abu ya ce ɓarrr. Na duba. Gaban kaftanina ya buɗe tun daga ƙarƙashin aikin wuya har cibiya. Ba irin yagewar ƙusa ba, a'a, yadin ne ya ruɓe, huda-huda ko'ina, gefensu ya yi ja. Na kai hannu in haɗa, inda na taɓa ya biyo yatsuna. Singiletin ciki ma bai tsira ba.

Gwaggo Asabe ce ta fara gani ta tagar baya. "Kai, abokin ango! Gara ce ta cinye ka a tsaye?"

Turi ya tsaya. Malam Idi ya sauko ya zagayo. A garin da rabin samarinsa sun taɓa yin yaran mota, babu wanda ya buƙaci bayani, kowa ya san ruwan batir ne ke cin tufa haka. Ya tsaya a gabana, ruwa na ɗiga daga hularsa, bai ɗaga murya ba.

"Ina ka kai min batir?"

Na ce, "Gem muka ɗan buga."

Gwaggo ta ce, "Me kuka buga?"

"Gem, Gwaggo. Wani ɗan mutum ne a talabijin, yana tsalle."

"Ɗan wane ne?"

"Ba ɗan kowa ba ne. So nake in kai shi zango, wata sanda ce a tsakiyar hanya, in ya taɓa ta..."

Ban ƙarasa ba. Na ji yadda maganar ke fita daga bakina, a gaban iyayen mutane, cikina a waje, amarya na shessheƙa a cikin mota, na so ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo ta tafa hannu ta yi salati. "La'ilaha illallahu! Ƙato da kai, da gemunka! Aka ba ka amanar 'yar mutane ka tafi raka ɗan aljani?" Malam Idi ya ce, "Hajiya, bar shi. Ku tura." Wannan "bar shi" ɗin ya fi min mari zafi.

Mun kai fakon, motar ta tashi, muka ɗare ciki. Malam Idi ya taka ta iya ƙarfinta, amma ruwan ya riga ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Mata na ta addu'a ƙasa-ƙasa, kwanuka na ƙara. Ni ina takure a bakin ƙofa na riƙe gaban rigata da hannu biyu, ina roƙon Allah ya sa rafin bai cika ba, ina alkawura iri-iri. Tun kafin mu gan shi muka ji rurinsa. Ya cika ya haura, jajawur, yana tafe da rassan itace har da wata akuya. Malam Idi ya taka birki ya ce, "Ko jirgi ne ba zan shiga ba."

Gaba ta ƙi, baya kuma Gwaggo ta ce sai dai a bi ta kan gawarta. Wani manomi da gidansa ke kusa da rafin ya ji tausayinmu, matansa suka share wa amarya da 'yan rakiya ɗaki, mu maza muka zauna a zaure. A nan Rabi ta yi daren aurenta, a gidan mutanen da ko sunansu ba ta sani ba. Lokacin babu wayar hannu, ba yadda za a yi a sanar da Birnin Kudu muna raye.

Da sassafe muka fito bakin rafi, ruwa ya ragu amma bai kai a shiga ba. Sai ga babur a tsallake, Nasiru ne da kawunsa, duk taɓo ya ɓata su. Nasiru ya diro tun kafin babur ɗin ya tsaya, ya kewaye baki da hannu.

"Kowa lafiya?"

Muka ɗaga hannu. Ya durƙusa a wurin, ya jima bai tashi ba. Sannan ya sake ɗaga murya. "Me ya faru?"

Kowa ya juyo ya kalle ni. Gwaggo ta ce, "Ai kai ne mai baki. Faɗa masa."

Na matsa bakin ruwa na ce, "Batir ne ya mutu!"

"Me?"

"Batir! Na cire na buga gem!"

"Ka buga wa?"

Rurin ruwa na cinye maganar. Haka na tsaya ina kwarara ihu, ina maimaita abin kunyata da iya ƙarfin muryata, har manoman da suka fito duba gona suka taru a tsallake biyu suna saurare. Wani daga cikinsu ma ya taya ni isar da saƙon.

Da hantsi ruwa ya janye muka tsallaka. Na shirya wa zagi, na shirya wa mari ma. Nasiru ya zo ya dubi rigar da ya ɗinka da hannunsa, idanunsa jajaye. Ya ce, "An ce mana ruwa ya tafi da wata mota ta wajen nan. Inna a kan sallaya ta kwana." Sai ya tuɓe babbar rigarsa ta angonci ya miƙo min. "Rufe cikinka, kada ka shiga gari haka." Na karɓa, hawaye suka zubo min.

Muna cikin mota mun hau kwalta, sai wata siririyar murya ta fito daga ƙarƙashin mayafi. Rabi ce, wadda tun jiya ba wanda ya ji kalma ɗaya daga bakinta, kuma amarya ba ta magana a hanya.

"Abokin ango."

Na ce, "Na'am, amarya."

"To ka kai shi zangon kuwa?"

Na ce, "Ban kai ba."

Ta ce, "Ayya. Ashe a banza na kwana a daji."

Motar ta kwashe da dariya, har Malam Idi sai da ya kifa kai a sitiyari. Gwaggo Asabe na dariya tana share hawaye tana ce mata ta yi shiru, amarya ba ta surutu.

Abin da na koya bai da yawa, amma na riƙe shi gam. In an ba ni amanar wani abu, sai na sauke ta nake duba abin da ke ɗakin mutane. In kuwa na ji bakina ya ce "saura kaɗan, bari in kai can kawai", to a take nake miƙewa in nemi takalmina, don na gane lokacin tashi ya riga ya wuce.